Wednesday: Wane Ne Ya Ɓuya A Cikin Sunan Larabar Turawa?

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu a kan saurare.

Yau kalma ɗaya tak na ɗauko mana, kalmar da ta sa yara da yawa suka sha bulala a firamare: Wednesday. A baki za ka ji Bature ya ce “Wenzde”, amma in ka zo rubutawa sai ka tarar da wani “d” ya yi zaune a tsakiya, ga kuma wani “e” na rakiya, ba mai furta su. Malami zai ce maka haka take, ka haddace kawai. To wannan “d” ɗin da ake raina wa hankali, shi ne ragowar sunan wani abin bauta da aka taɓa yanka mutane dominsa. Ku biyo ni a hankali, don labarin zai kai mu Masar, da Rum, da dazukan Jamus, kafin mu dawo gida kan tamu Larabar.

Mu fara da ita kanta kalmar. A tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila sama da shekara 1000 da suka wuce, ana rubuta ta Wodnesdæg. In ka fasa ta gida uku take. Woden suna ne. Wannan “es” ɗin na mallaka ne, kamar “r” ɗin da muke sawa a “ranar”. Shi kuma dæg shi ne rana. Ka ga ma'anar ta fito: ranar Woden. Bambancinmu da su kawai shi ne mu mai abu a ƙarshe muke sa shi, su kuma a farko.

To wane ne Woden, kuma ya aka yi ya samu rana tasa? Kafin mu kai gare shi sai mun san inda shi kansa makon kwana 7 mai sunayen taurari ya fito, domin Turawan Ingila aro suka yi.

Tsofaffin Romawa kwana 8 suke ƙirgawa daga cin kasuwa zuwa cin kasuwa. Lissafin kwana 7 ta hanya biyu ya shigo musu. Ɗaya daga Yahudawa masu kiyaye Asabar. Ɗayar kuma daga masu duban taurari na ƙasashen da ake jin Girkanci, musamman Masar. Su waɗannan sun lura akwai abubuwa 7 a sama da ido ke gani, waɗanda suke tafiya a tsakanin sauran taurari. Suka jera su daga mafi nawa zuwa mafi sauri: Saturn, Jupiter, Mars, Rana, Venus, Mercury, sai Wata. Masu nazarin littattafan Larabci sun san su da Zuhal, Mushtari, Mirrih, Shamsu, Zuhra, Uɗarid da Ƙamar. Saturn kan ɗauki wajen shekara 29 da rabi kafin ya kammala zagaye, Wata kuwa ƙasa da kwana 30.

Ga inda abin yake da daɗi. Masu duban nan suka ce kowace awa a cikin awa 24 tana da tauraron da ke mulkinta, bi da bi a kan wancan jerin. Wanda ya samu awar farko, shi ne mai ranar gaba ɗaya. Ɗauki biro ka gwada. Ranar farko Saturn ne da awa ta 1, da ta 8, da ta 15, da ta 22. Ta 23 Jupiter, ta 24 Mars. Awar farko ta washegari ta faɗa kan wa? Rana. Shi ya sa bayan Saturday sai Sunday. Kullum taku uku kake yi gaba a kan jerin. Daga Rana ka yi taku uku, ka sauka kan Wata. Daga Wata, Mars. Daga Mars, Mercury. Daga nan Jupiter, sannan Venus, sannan a koma kan Saturn. Wani marubucin tarihin Rum mai suna Kasiyus Diyo ya yi bayanin wannan lissafi tun a ƙarni na 3 Miladiyya, kuma Misirawa ya jingina wa al'adar.

Wato kenan rana ta huɗu in ka fara daga Lahadi ta Mercury ce, Romawa suka kira ta dies Mercurii. An samu jerin ranakun nan a rubuce a jikin bango a garin Pompeii, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79, alamar tun lokacin talakawa sun san su. A shekara ta 321 kuma Sarki Konstantin ya yi doka cewa ranar Rana ta zama ranar hutu ga alƙalai da mutanen birni. Daga nan mako mai kwana 7 ya zauna daram a daular.

Har gobe 'ya'yan Latin suna riƙe da Mercury. Bafaranshe ya ce mercredi, ɗan Sifen ya ce miércoles, ɗan Italiya ya ce mercoledì. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci, Mercury suke ambata duk Laraba. Masu kallon finafinan Indiya kuma ku saurara da kyau: Laraba da Hindi ita ce Budhwar, shi kuma Budh sunan wannan tauraron ne na Mercury. Lissafi ɗaya ne ya bazu gabas da yamma.

To ina Woden ya shigo? A bakin iyakar daular Rum ta arewa, wajen kogin Rhine, akwai ƙabilun Jamusawa na dauri. Suna yaƙi da Romawa, suna ciniki da su, da yawansu ma suna shiga sojan Rum. Yawancin masana suna ganin a nan ne, wajen ƙarni na 3 zuwa na 4, suka ari makon. Sai dai ba su ɗauki sunayen yadda suke ba, musanya suka yi. Inda Romawa suka sa nasu abin bautar, su ma suka nemo nasu mai kama da shi. Mars na yaƙi ya koma Tiw, aka samu Tuesday. Jupiter mai tsawa ya koma Thunor, wanda kuka fi sani da Thor, aka samu Thursday. Venus ta soyayya ta koma Frig, aka samu Friday. Rana da Wata fassara su kawai aka yi. Saturn ne kaɗai aka bari da sunansa na Rum, shi ya sa Saturday ta fita daban. Mercury kuma aka ba Woden kujerarsa.

Wannan haɗi na Mercury da Woden ya girmi makon ma. A shekara ta 98 wani Barome mai suna Tasitus ya rubuta littafi a kan ƙabilun Jamusawa. A ciki ya ba da labarin cewa Mercury suka fi girmamawa a cikin allolinsu, har akwai ranakun da suke yanka masa mutane. Jamusawan nan ba su san wani Mercury ba. Al'adar Romawa ce in sun ga abin bautar wasu su laƙaba masa sunan nasu da ya fi kama da shi, kuma masana sun fi karkata ga cewa Woden yake nufi.

Wani zai ce ai kamata ya yi babban abin bauta ya samu ranar Jupiter, tunda shi ne sarkin allolin Rum. Tambaya ce mai kyau. Amma su masu musanyar hali suka duba, ba muƙami ba. Jupiter mai tsawa ne, Thunor ma sunansa ma'anarsa tsawa, ka ga wannan ba gardama. Shi kuma Mercury ɗan aike ne, matafiyi, uban 'yan kasuwa da masu wayo da iya magana, har ɓarayi suna neman tsarinsa, kuma shi ke raka matattu zuwa makomarsu. Ana zana shi da malafa da sanda. Yanzu ku ji siffar Woden ku kwatanta.

Sunan nasa daga wata tsohuwar kalma ya fito mai nufin hauka, ko fushi, ko irin yanayin da mutum ke fita hayyacinsa kamar wanda iska ya hau. Wani malamin coci, Adam na garin Bremen, da ya yi rubutu wajen shekara 1075, da “hasala” ya fassara sunan. A ƙasashen arewacin Turai sunan ya koma Odin, kuma mafi yawan labaransa daga littattafan Aislan na ƙarni na 13 suka zo mana, musamman na Snorri Sturluson wajen 1220. A can an nuna shi tsoho mai ido ɗaya, ɗayan ya bayar da shi jingina don a bar shi ya sha daga rijiyar hikima. Ya rataye kansa a bishiya dare 9, da mashi a jikinsa, don ya samo sirrin haruffan da ake kira run. Yana da hankaki biyu da ke zagaya duniya su kawo masa labari, da doki mai ƙafa 8. Yana yawo a cikin mutane da ɓad da kama, da malafa da ta rufe masa fuska. Shi ne mai waƙa da tsafi da yaudara, kuma shi ke karɓar jaruman da suka mutu a fagen daga a zaurensa na Valhalla. Matafiyi, mai wayo, mai malafa, mai hulɗa da matattu. Kun ga inda suka haɗu da Mercury? Waɗanda suka kalli fim ɗin Thor na 2011, wannan tsohon mai ido ɗaya da Anthony Hopkins ya fito a matsayinsa, shi ne dai mai Larabar, sai dai kamfanin fim ya wanke shi ya goge.

A ƙarni na 5, bayan Romawa sun janye daga tsibirin Birtaniya wajen shekara 410, ƙabilun Angul da Sakson suka tsallako daga arewacin Jamus da Denmak, da harshensu da allolinsu. Abin da ya rage a rubuce game da bautar Woden a Ingila kaɗan ne, domin masu alƙalami a lokacin 'yan coci ne. Amma sawunsa yana nan a ƙasa. Kusa da Birmingham akwai garin Wednesbury, wato ganuwar Woden, da Wednesfield, filin Woden. A kudu maso yamma akwai wata doguwar ganuwar ƙasa, Wansdyke, ita ma sunansa ne. Sarakuna kuwa shi suka mayar kakansu. Malam Bede, wanda ya kammala tarihinsa a 731, ya ce daga tsatson Woden gidajen sarauta da yawa suka fito. Gidan Wessex, wanda ta cikinsa ake jan nasabar gidan sarautar Ingila na yau, yana cikinsu. Mu da muka san yadda ake jan nasabar sarakunan Hausa zuwa Bayajidda, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Sai Kiristanci ya zo. A 597 Fafaroma Giregori ya turo Agustin zuwa Kent. A 655 aka kashe Penda na Mercia, babban sarki na ƙarshe da ya mutu a kan addinin gargajiya. Aka daina yi wa Woden yanka. Marubutan coci suka rage masa matsayi, suka ce ai mutum ne, wani tsohon sarki, har suka ƙara wa nasabar tsawo ta bi ta kansa zuwa Annabi Nuhu da Annabi Adamu. Amma sunan ranar ya ƙi tafiya.

A nan ne ainihin rigimar take, kuma ita ta sa na zaɓi wannan ranar a kan sauran. Tambayar da wasunmu ke yi yau, wai ya dace mai imani ya riƙa kiran rana da sunan gunki, an yi ta a Turai tun sama da shekara 1400 da suka wuce. Kowace ƙasa da yadda ta kaya.

A Fotugal, wani bishop mai suna Martin na Braga ya yi wa'azi mai zafi a ƙarni na 6 a kan sunayen nan, ya ce a koma ƙirga ranaku yadda coci ke yi. Ya ci nasara. Har yau ɗan Fotugal da ɗan Brazil da ɗan Angola quarta-feira suke cewa, wato rana ta huɗu. A Aislan, Bishop Jon Ogmundsson, wanda ya hau kujera a 1106, ya hana sunayen alloli, ranar Odin ta koma miðvikudagur, ranar tsakiyar mako. A Jamus kuwa, tun wajen shekara 1000 ake samun kalmar da ta zama Mittwoch, tsakiyar mako. Abin lura a nan, Jamusawa sun bar Donnerstag da Freitag, ranakun mai tsawa da matar Woden, amma ranar shi babban aka share. Girkawa sun koma Tetarti, ta huɗu. Rashawa suna cewa sreda, tsakiya.

Wasu wuraren kuma sunan ya sha. Holan: woensdag. Suwidin da Denmak da Nowe: onsdag, ranar Odin. A Ingila ma ba don ba a sani ba ne. Wajen shekara 1000 wani malamin coci mai suna Ælfric ya yi huɗuba a kan allolin ƙarya, ya faɗa wa mutane ƙarara cewa Mercury shi ne wanda 'yan Denmak ke kira Odin, kuma rana ta huɗu tasa ce. Mutane suka ji, suka ci gaba da kiranta yadda suka saba. A ƙarni na 17 wata ɗarika ta Kiristoci da ake kira Quakers, mabiya George Fox, suka sake tayar da maganar. Suka daina ambaton sunayen kwata-kwata, a takardunsu sai dai ka ga rana ta ɗaya, rana ta huɗu. Sun daɗe a kan haka, amma ba su iya juya harshen sauran jama'a ba.

Shi kuma “d” ɗin da ba a furtawa fa? Baki ya fi alƙalami gaggawa. Haɗa “d” da “n” da “z” a jere yana da nauyi, sai mutane suka riƙa haɗiye na farkon. A tsofaffin takardu har ana samun masu rubuta Wensday, yadda suke faɗa. Amma bayan William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476, da zuwan ƙamusoshi irin na Samuel Johnson a 1755, rubutu ya daskare a kan tsohuwar siffa, furuci ya yi gaba abinsa. Har yanzu a wasu sassan Sikotlan da arewacin Ingila akwai masu ɗan taɓa “d” ɗin.

'Yan ƙwallo, ga naku. Ƙungiyar Sheffield Wednesday da aka kafa a 1867 daga wata ƙungiyar wasan kurket ta fito, wadda 'yan wasanta ranar Laraba suke samun sararin wasa daga wurin aiki. Duk mai goyon bayanta, sunan Woden yake rerawa a filin wasa bai sani ba.

Mu dawo gida. Larabarmu daga Larabci take, al-arbi'a, daga arba'a, huɗu. Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Wannan “L” na farkon Lahadi da Litinin da Laraba ragowar “al” ne na Larabci, ya manne ya zama ɗan gida. Ka ga mu ma muna da namu harafin da ke ɗauke da tarihi, kamar dai “d” ɗin Turawa. Abin da Martin na Braga da Quakers suka yi ta fafutuka a kai, wato ƙirga ranaku da lamba, shi muka gada ta hanyar malamai da fatake. Har Yarabawa suna da Alaruba da Atalata da Alamisi kusa da nasu sunayen na gargajiya. Kuma mu ba a kalanda kaɗai muka bar ta ba, mun sa wa 'ya'yanmu: Balarabe, Balaraba, Larai. Muka yi mata kirari, Laraba ta Bawa ranar samu.

Wani abin dariya, ita ma lambar yanzu tana rawa. Tsarin kwanan wata na ƙasa da ƙasa Litinin ya ɗauka farkon mako, kuma Jamus ta Yamma ta koma kan haka tun 1976. Wato Mittwoch ta tashi daga tsakiyar mako, amma ba wanda ya canza mata suna. In kalandar wayarka daga Litinin take farawa, duba ka gani, Laraba mai nufin “huɗu” tana zaune a gida na uku.

To me na ɗauka daga wannan tarihin? Ni ba malamin fatawa ba ne, wannan fagen na masu shi ne. Abin da tarihi ya nuna shi ne ma'anar kalma a bakin masu ita tana iya yin nisa sosai da asalinta. Ɗalibin da ya rubuta Wednesday a saman takardar jarrabawa ranar da ke tsakanin Talata da Alhamis yake nufi, kamar yadda mai kiran 'yarsa Larai ba lissafin huɗu yake yi ba. Duk da haka ba na ganin waɗancan limaman a matsayin masu ɓata lokaci. Sun gane cewa abin da mutane ke furtawa duk mako ya fi abin da aka rubuta a littafi daɗewa. Ɗakunan bautar Woden sun rushe, masu yi masa yanka a Ingila sun ƙare tun ƙarni 13 da suka wuce, amma sunansa yana kan allon makaranta a Kano da Kumasi, saboda harshen da ya ɗauke shi ya zo da jirgin ruwa da bindiga da makarantar boko.

Wannan ne ya sa nake ɗan jin wani iri in na ga matashi yana hira da Hausa zalla, amma da an zo kan rana sai ya ce “sai on Wednesday”. Ba laifi ba ne jin Turanci, mu ji shi da kyau ma. Amma Fotugal ta nuna cewa sunayen ranaku suna iya sauyawa baki ɗaya in mutane suka saba da wasu, kuma a bakin talaka abin ke faruwa, a kasuwa da cikin gida. In ƙannenmu suka tashi suna sanin Wednesday amma sai sun tsaya tunani kafin su tuna Laraba, ba wani bishop ko sarki da za mu ɗora wa.

A nan zan dasa aya. Ku faɗa mana a ƙasa, wace rana aka haife ku, kuma an sa muku sunanta? Balarabe da Larai na wannan shafin, ku fito mu gan ku. Wanda kuma ya gwada lissafin awa 24 ɗin nan da biro, ya turo mana hoton takardar. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tsaya kan Saturday, mu ji ranar da ta ƙi sakin sunanta na Rum, da kuma abin da ya sa mutanen arewacin Turai suke kiranta ranar wanka.